Ranar da Surukata Ta Kama Ni da Tukunyar Gahawa

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da zuwan surukata gidana na farko ba. Ina amarya lokacin, a Azare, lalle ma bai gama barin ƙafata ba. Dangin mijina asalinsu Barebari ne da suka zauna a Bulkachuwa, kuma mutane ne masu son gahawa. Ni kuwa burina ɗaya: Hajiya ta koma gida ta ce ɗanta ya yi dacen mata. Don na ji ƙishin-ƙishin cewa tana ɗari-ɗari da 'yan matan da suka yi jami'a, wai idonsu ya buɗe da yawa.

A cikin kayan da yayana ya ba ni gudummawa akwai wata tukunyar gahawa ta gilashi mai hawa biyu. Ta ƙasa kamar ƙwallo take, nan ake zuba ruwa a kunna mata 'yar fitila. Ta sama tana da dogon bututu. In ruwa ya tafasa sai ya haura sama ya haɗu da garin gahawa, in an janye wuta ya sauko a tace. A waya na koya (na kalli bidiyon har na fara jin ni ma zan iya koyarwa). Na ce yau Hajiya za ta ga wayewa.

Ta ce sai bayan la'asar za ta iso, don haka da azahar na baje a falo zan yi gwaji. Na cika kasko da turaren wuta, ɗaki ya turnuƙe. Na kunna fitila, ruwa ya fara ɓul-ɓul. Sai na lura bututun ya toshe da garin gwajin jiya. Mai hankali tsinke zai nema. Ni sai na kafa baki na hura, gari ya tashi ya shige min hanci, na kama tari.

A haka labule ya ɗaga. Ashe Hajiya ta samu mota da wuri, ta yi ta sallama injin niƙan maƙwabta ya hana ni ji. Ku dubi abin da ta gani: amarya zaune dirshan ba ɗankwali, bututu a baki, kwalba na tafasa, hayaƙi ko'ina, ido jajir.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a. Ta ci abinci, ta yi salla, har na fara murna a raina. Sai da na kawo mata lemo ta jawo ni kusa, ta rage murya.

"'Yata, maigidanki ya sani?"

"Ya sani, Hajiya. Shi ma jiya na ɗanɗana masa." (Da bakina na faɗa, har da murmushi.)

Ta yi salati a hankali, ta riƙe hannuna. "To ba zan gaya wa babansa Alhaji ba, zai tsaya tsakaninmu. Amma shishar nan ba ta 'yan mutunci ba ce. Ki rage kaɗan-kaɗan, ni kuma zan taya ki da addu'a."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara rantse-rantse, sai na ga rantsuwar ma ƙara tona ni take. Na ruga na kwaso kayan na dasa a gabanta. Na haɗa, ruwa ya haura, na juya, na janye wuta, gahawa ta sauko baƙa wuluk. Hajiya ta kafa wa abin ido kamar mai kallon dabo. Na zuba a ƙaramin kofi na miƙa da hannu biyu, babu citta, babu kanumfari, babu sukari, don mutumin bidiyo ya ce haka masana ke sha.

Ta kurɓa. Ta rufe ido, ta daɗe kafin ta haɗiye.

"Na yarda ba shisha ba ce," in ji ta. "Amma wannan ma ki daina."

Muka yi ta dariya har hawaye, nawa dai rabi na kunya ne. Sai daga baya abin ya taɓa min zuciya: matar da nake tsoro ta zaci mafi muni a kaina, kuma abin da ya fara zuwa mata shi ne ta rufa min asiri.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In babba ya yi maka tambaya da ƙaramar murya, ka fara tambayarsa me yake nufi kafin ka amsa da murmushi, balle ka jawo mijinka cikin laifin.