Yadda Za Ka Ci Diyyar Ƙafarka a Shekarar Ƙaurar Gwamnati

Idan mota ta buge ka yanzu da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, tabbas za ka samu wani abu. An gwada su a kan Maharazu, wani Bakatsine mai tallar burodi a keke, mazaunin Mpape, kuma har yau yana nan da ransa.

1. Zaɓi motar da za ta buge ka

Kada ka yarda motar da ba ta da inshora ta taɓa ka. Maharazu ya dace. Babbar motar wani ɗan kwangila ce, maƙare da kujerun ofis daga Legas, ta kwashe shi a hanyar Maitama, ƙafar dama ta karye gida biyu. Direban ya sauko, ya ce, "Oga, yi haƙuri, kamfani zai biya." Riƙe maganar nan da kyau. Ita kaɗai ake bayarwa nan take.

2. Kada ka suma

Kamfani zai nemi lambar mota da sunan direba. Maharazu ya suma, wannan kuwa sakaci ne. Matarsa Luba ce ta bi masu gadin unguwar gida-gida, kwana uku, har ta samo lambar rubuce a bayan kwalin ashana.

3. Warke a rubuce

Luba ta kai shi Jiwa wurin mai ɗori, ƙashi ya kama cikin wata biyu. Babban kuskure. Kamfani bai san karayar da ba ta da takarda ba. Dole ya je asibiti a ɗauki hoton ƙafar, likita ya tabbatar da cewa ta taɓa karyewa.

4. Koyi hawa bene

Ofishin inshorar yana hawa na huɗu a wani sabon gini da ba a sa wa lif ba. Maharazu ya hau da sanda, yana hutawa a kowane hawa. Sakatariyar, Madam Christina, ta dube shi da tausayi.

"Malam, fayil naka ta zo Abuja. Amma oga yana Legas."

Mako na gaba ta ce, "Oga ta zo. Fayil ya koma Legas, can hatimi yake."

Yi godiya, sa hannu a littafin baƙi, ka sauka. Gaggawa tana ɓata fayil.

5. Ƙi tayin farko

A wata na bakwai aka yi masa tayin kuɗin keke.

Luba ta ce, "Maigida, karɓa mana. Masara ta ƙare, ni kuma awarar nan ba za ta riƙe gida ba."

Ya ce, "Luba, keke suka karya ko ni?"

Ta ce, "Ku biyun. Amma shi aka ce za a biya."

Bai karɓa ba.

6. Fuskanci likitan kamfani

Likitan bai taɓa ƙafar ba. Littafin baƙi ya buɗe, ya ƙirga sa hannu talatin da ɗaya, ya rubuta cewa mai iya hawa bene huɗu sau talatin da ɗaya ba shi da wata nakasa. Aka rufe maganar.

Maharazu ya sauko hawa ɗaya ya zauna a matakala. Ya daɗe yana kallon ƙafar, kamar ita ce ta ba da shaida a kansa. Bai san da wane baki zai gaya wa Luba ba.

7. Karɓi abin da ya samu

Nan Madam Christina ta same shi.

"Malam, masinja namu ya ƙi barin Legas. Kai kuma ka fi oga sanin inda kowane fayil take. Za ka yi aiki?"

Ranar Litinin ya fara. Aikinsa na farko shi ne kai fayil ɗinsa ɗakin ajiya. Ya kai, yana ɗingishi, ya sa shi a sama inda ruwa ba zai taɓa ba.

Da ya koma gida Luba ta tare shi a ƙofa. "Sun biya?"

Ya ce, "Za su riƙa biya. Duk ƙarshen wata."

Gargaɗi: marubucin nan ba lauya ba ne, ba likita ba ne, bai kuma taɓa karyewa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wahala, kada ya neme ni. Mai ƙorafi ya rubuto takarda kwafi uku. Idan ta iso za a duba inda nake.