Tsinken tsintsiya a cikin littafina

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, ranar da na tashi zan rufe wa mata baki a majami'a, na koma gida nawa bakin ne a rufe.

Mu Kiristocin Matameye ba mu da yawa. In kowa ya zo, har da masu goyo, da ƙyar muke cika benci takwas. Duk da haka muka samo abin da zai raba mu. Pastonmu sati bibbiyu yake zuwa, don yana riƙe da wasu ƙauyuka wajen Kurni. Sai ga Malama Rifkatu, 'yar maƙwabcina, ta gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta dawo gida. Samari suka ce ranar da pasto ba ya nan a bar ta ta yi karatu da wa'azi. Mu dattawa muka ce mace ba ta tsayawa gaban maza ta koyar, haka aka rubuta. Suka ce ai a rubuce ma akwai matan da Allah ya aika da saƙo. Magana ta yi zafi har suka ce za su kwashe benci huɗu su koma zauren gidan su Rifkatu.

Yayana Alhaji Sani (shi Musulmi ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke) da ya ji labari ya ce, "Ku da duka-duka ba ku cika motar Damagaram biyu ba, ku ma rabuwa za ku yi?"

Ni ne bakin dattawa, don an san ni da zuba aya. Abin da ba a sani ba shi ne wata bakwai kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu na koma kiwon awaki. Haruffa a lokacin na san su ne kamar mutanen kasuwar Ɗan Barto, ido ya saba da su amma ban san sunan kowa ba. Shekara talatin matata Saratu ce take karanta mini duk ranar Asabar da la'asar. Ta karanta sau uku, in haddace, ta sa mini tsinken tsintsiya a shafin. Ran Lahadi in ɗora tabarau (a Kano na saye shi da na je cin rani, ba ya ƙara gani, kwarjini yake ƙarawa), in buɗe wurin tsinke, in riƙa jan yatsa ina zubawa.

Da shugabannin ikilisiya suka ce za su aiko Pasto Yohanna daga Damagaram ya sasanta mu, na ce wa Saratu ta nemo mini ayar nan da ta ce mata su yi shiru a taro. Ta dube ni ta kan littafin.

"Maigida, ni zan karanta maka ayar da za ka hana mata karatu da ita?"

"Ke dai karanta."

Ta karanta sau uku, ta sa tsinke, ta miƙo mini. "Ka roƙi Allah kada a ce ka ƙara."

Ran Lahadi majami'a ta cika, samari sun haɗe rai, Rifkatu tana bencin mata kanta a sunkuye. Na miƙe da babbar rigata ta Kirsimeti, na buɗe wurin tsinke, na zuba ayar ba tuntuɓe. Abokina Dattijo Garba ya ce amin har sau biyu. Ina shirin zama Pasto Yohanna ya ɗaga hannu.

"Madalla, Baba. Amma kada mu ɗauki aya ɗaya mu bar 'yan uwanta. Karanta mana babin tun daga farko."

Na ce haske bai isa ba. Garba, wai shi mai taimako, ya tashi ya buɗe taga. Na ce tabarau ɗin nan ya tsufa. Pasto ya cire nasa ya miƙo mini. Da na ɗora, har yatsana ya ɓace mini. Na yi gyaran murya sau uku, na ce bari mu fara da addu'a, Pasto ya ce ai an yi.

Sai na ji ƙarar takalmin roba. Saratu ce ta taso daga bencin mata, ta tsaya bayan kafaɗata, ta kare baki da mayafi tana raɗa mini. Jimla ta farko na kama, na faɗa da ƙarfi. Ta biyu ta yi tsawo. Ni kuma sabo ya rinjaye ni, na manta inda nake, na juya na ce da muryar tsakar gida:

"Sannu-sannu mana, Saratu, kin san sai kin karanta sau uku nake kamawa."

Daga bencin mata dariyar ta fara. Wata tsohuwa har da riƙe ciki. Garba bai yi dariya ba, bakinsa a buɗe ya ce, "Yanzu duk karatun da kake mana shekara talatin..."

Na ce, "Nata ne. Murya ce kawai tawa." (Me ya rage in ɓoye?)

Pasto Yohanna ya karɓi tabarau ɗinsa ya goge, ya ce, "To Mama, tunda kin fara, ƙarasa mana." Saratu ta dube ni, na miƙa mata littafin. Ta karanta babin duka a tsaye a gaban kowa, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ina ta duban kwanon rufi, bai faɗo ba.

Kada in yi ƙarya, ba kowa ya sauka daga ra'ayinsa ba. Garba har yau yana nan kan bakansa game da wa'azi, kuma an miƙa wannan batu ga babban taro, muna jira. Amma a ranar aka yarda mata su yi karatu, Rifkatu kuma ta riƙa koyarwa bayan sujada. Benci takwas ɗin nan suna wuri ɗaya. Garba yakan zauna a ajin Rifkatu hannu harɗe a ƙirji, kuma shi ya fi kowa tambaya.

Ni kuwa Rifkatu ta sa ni gaba da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, da furfurata da komai. Abin da kuke karantawa yanzu da hannuna na rubuta, Saratu ta gyara wurin da ya karkace. Alhaji Sani in ya gan ni sai ya ce, "Malam, yau an sa tsinken kuwa?"

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka miƙe a taro ka ce wani ya yi shiru, fara tuna wanda ya sa maka tsinke a littafi.