Na Karanta Shekaruna Daga Dama

Allah ya gani, tun a motar Bodinga nake zargin ɗana Sanusi. Ya daɗe yana so in bar gonar albasa, sai ga shi ya ɗauke ni asibiti, wai akwai na'urar da ke auna shekarun jiki. Muka yi sharaɗi: in ta wuce sittin da takwas ɗina, na ajiye fartanya.

Na hau ma'aunin da bisimilla. Ma'aikaciyar ta rubuta lamba biyu, ta miƙo mini takardar, ta yi wa Sanusi murmushi. Wannan murmushin ne ban yarda da shi ba. Ni da na tashi da ajami, sai na faro daga dama: saba'in da biyar.

Na miƙe a gaban jama'a. "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah! Mi yab ba ki? Ni da ka tahiya Shagari da ƙahwa!"

Ta ce, "Baba, hamsin da bakwai na. Boko daga hagu a ka faro shi."

Sanusi har da zama a ƙasa don dariya.

Gona dai tana hannuna. Amma har yau in na doso ƙofar masallaci, sai tsaraina su ce, "Ku ba tsoho hanya, saba'in da biyar ya iso."