Ranar da Na Yi Alkawarin Shanye Tafkin Kainji

Ba zan taɓa mantawa da gasar kacici-kacicin nan ta Yelwa ba. Ko na so in manta ma, mutanen garin nan ba za su bari ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli. Da aka haɗa gasa tsakanin makarantun Yauri da Ngaski da Shanga, sai aka ce ni zan tsara tambayoyin kimiyya, ni kuma zan karanta su. Har sabuwar shadda na ɗinka (matata ta ce sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure, na ce ba ta san darajar ilimi ba).

Aka fafata har zagayen ƙarshe, ya rage makarantarmu da wata ta Wara, maki kunnen doki. Tambayar raba gardama ta faɗa kan Saratu, wata siririyar yarinya ɗiyar masunci daga Wara. Na gyara murya a lasifika:

"Manyan duniyoyin nan da jikinsu iskar gas ce, irin su Jufita, kusa da tauraronsu suke ko nesa?"

Kalma ɗaya nake jira: nesa. Haka take a littafin darasin da na rubuta tun ina kwaleji.

"Malam, ya danganta," in ji ta. "A wajen ranarmu nesa suke. Amma an gano wasu irinsu a jikin taurari masu nisa, suna dab da tauraronsu. Akwai wadda kwana huɗu kawai take yi ta zagaye nata."

Kwana huɗu! Jufita da sai ta yi kusan shekara goma sha biyu kafin ta zagayo sau ɗaya? Na buga ƙararrawa na ce ba daidai ba. Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma lasifika na da wani daɗi. Na shiga bayani cewa zafin tauraro ba zai bar irin wannan duniya ta zauna kusa ba, na kawo misali, na ƙara wani, sannan na juyo na ce, "To wa ya je can ya gano miki?"

"Da farko ba ganinta aka yi ba, Malam. Tauraron aka ga yana rangaji saboda tana jan shi. Kamar Babanmu, in ya ga gorar da ya ɗaura wa ƙugiya tana rawa, ya san kifi ke ja ko bai gan shi ba."

Ɗakin taro ya ɗauki tafi da dariya. Ni a zatona ita ake yi wa dariyar (har yau in na tuna wannan zato sai in ji kamar in mari kaina). Sai na daki tebur na ce, "In akwai irin wannan duniya, ni nan zan shanye tafkin Kainji da cokalin shayi!"

Malamarsu, Malama Rifkatu, ta miƙe da waya a hannu. Ta ce ba su yarda ba, wai makarantata nake so in bai wa kofin gasar. Wannan zargi ya fi komai ƙona min rai, domin wallahi ba son kai ba ne, jahilci ne tsagwaronsa.

Shugaban alƙalan gasar shi ne Malam Ɗantani, tsohon da ya koyar da ni a firamare. Ya karɓi wayar, ya ɗora tabarau, ya karanta a lasifika kalma bayan kalma, kamar mai karanta wasiyya. Tun cikin shekarun casa'in aka gano ta farko. Bayanta an samu wasu da yawa. Har babbar lambar yabo an ba waɗanda suka gano ta. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai wanga yaro, tun kana aji uku haka kake, ba ka bari a gama magana. A ba ɗiyar ga makinta."

Yaro! Da furfurata, a gaban ɗalibaina. Wara ta ɗauki kofi. Shugaban makarantarmu ya wuce ta gabana kamar bai taɓa ganina ba. Saratu kuwa ta zo ta durƙusa ta ce in yi haƙuri, abin da ya ƙara kashe ni ke nan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta tare ni a tsakar gida: "Mi ya kai ka alkawari da ruwan Allah?" Masu kabu-kabu in sun gan ni sai su ce, "Malam, bakin ruwa za mu?" Mai sayar min da kifi a kasuwa ta roƙe ni in rage musu ɗan wanda za a yi su a ciki. Ranar Litinin na tarar da ƙaton ludayi a kan teburina, da takarda a maƙale: "Don a gama da wuri." Na san rubutun, na malamin lissafi ne.

Abin da na koya dai shi ne, masu leƙen sama ba su daina aiki ranar da na karɓi takardar shaidata ba, kuma babu wanda zai aiko min da wasiƙa in sun gano sabon abu. Yanzu duk daren jajiberin darasi sai na bincika. In kuma gardama ta taso, nakan fara tambaya ko akwai mai data a wayarsa, sannan in san irin ƙarfin da zan sa wa muryata.