Rasuwar Maɓallin F5 na Asibitin Haƙori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Auta, wanda dangi ke kira injiniya, yana sanar da rasuwar maɓallin F5 na kwamfutar teburin karɓar majinyata a asibitin haƙorin yayarsa. Marigayin ya cika ranar Laraba da hantsi, a ƙarƙashin yatsan ma'aikaciyar tebur, benci cike da masu jira.

Aikinsa tun asali ƙarami ne: a danna shi, shafi ya sake buɗewa. Takwarorinsa a wasu ofisoshi sukan yi wata ba wanda ya taɓa su. Nasa rabon ya canza ne lokacin da Auta ya gina wa yayarsa allon bango mai nuna lambar wanda za a kira. Ƙa'idar irin wannan shafi ita ce, idan bayani ya canza, a sanar da manhaja ta ƙofar da aka tanada, ita kuma ta sake zana ɓangaren da abin ya shafa. Auta ta taga ya bi. Yakan sauya lambar kai tsaye a cikin tsohon jerin lambobi, manhaja ta leƙo ta ga jerin nan dai na ɗazu ne, ta koma ta kwanta. Lamba ta wuce a ciki, allo yana nan jiya i yau.

Auta ya ce zai gyara ranar Asabar. Kafin nan ya roƙi ma'aikaciyar ta riƙa danna marigayi bayan kowane majinyaci. Bai faɗi wace Asabar ba.

An shaidi marigayi da haƙuri da rufin asiri. Da safe yakan amsa da "tak". Da tafiya ta yi nisa rubutun fuskarsa ya goge, muryarsa ta koma "ƙis", har ta kai sai an haɗa masa da gindin biro. Ranar Laraba aka danna, aka sake dannawa, shiru. Allo ya tsaya a kan lamba tara, alhali mai lambar ya tafi gida da auduga a baki. Mutum biyu masu kumburarren kunci suka yi gardamar wa ke gaba, gwargwadon yadda bakinsu ya buɗu.

Marigayi ya bar maƙwabta biyu, F4 da F6, waɗanda ba a taɓa ganin guminsu ba. Ya kuma bar maɓallan Ctrl da R, da Auta ya so su haɗu su gaji aikin. Likita, wato yayar tasa, ta hana.

An tanadi makwanci a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin caja. Sai dai gawar tana hannun likita, wadda ta cire ta da filayar haƙori ta rufe a kwalba. Sharaɗinta shi ne allo ya canza da kansa kafin Litinin. In ba haka ba za ta kira wani daga waje, ta kuma kai wa mahaifiyarsu labarin injiniyanta da bakinta.

Masu ta'aziyya za su sami Auta a ɗakin ajiyar magani, da kwamfuta a cinya. Ba a sa lokacin jana'iza ba tukuna. Bayan gyaran da Auta ya yi yau da safe, allon yana sake zana kansa ba tsayawa, yana ƙyafta ido kamar wanda yaji ya faɗa wa. Likita ba ta yanke hukunci ba kan ko hakan ya cika sharaɗi.