Ranar Da Na Tona Asirin Surukina

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da washegarin babbar sallar nan ba, don har yau idan na ji ƙarar injin binciken jaka a ƙofar ma'aikatarmu sai gabana ya faɗi.

Ni dai Allah bai yi ni da gindin zama ba. Na yi kiwon kifi, na yi kiwon zomo, na taɓa sayen keken tsere da yanzu ake shanya a kansa. Matata Hadiza har ta daina tambaya. To a shekarar nan ciwon da ya kama ni shi ne neman tsofaffin kuɗi a ƙasa, bayan na kalli wasu Turawa a waya suna yawo da na'ura a gonaki. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sai da na je Mararaba wurin wani mai kayan gwanjo na sayo tawa: sanda ce mai faifai a ƙasa, idan ta ji ƙarfe sai ta yi tsuwwa.

"Oga, wannan orijinal ne," in ji mai kayan. "Ko allura ya shiga ƙasa, zai faɗa maka."

Surukina Alhaji yana da gidan gona a bayan Kuje, kusa da wani kufai da aka ce Gbagyi sun tashi daga nan tun zamanin Turawa. Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili. A masallacin unguwarsu an san shi da faɗa a kan laya da zuwa wurin boka. Ko gurun wasa ya gani a ƙugun jariri sai ya tsinke. Kuma a lokacin yana shirin tafiya aikin gwiwa, yana neman wanda zai bar wa makullin gonar. Ina son makullin nan kamar raina. Ba don doya ko masara ba, so nake sau ɗaya dai mutumin nan ya dube ni a matsayin magidanci, ba "mijin Hadiza mai ɗauke-ɗauke" ba (na taɓa jin ya faɗi haka, bai san ina bayan ƙofa ba).

Ranar duk dangi aka taru a gonar cin naman sallah. Tun a mota Hadiza ta ce, "Abban Ummi, don Allah ka bar sandar nan a but ɗin mota." Na ce to. Na gaishe da Alhaji, na tsuguna na gaishe da limamin masallacinsu da ya zo yi masa barka da sallah, na zauna a gefen tabarma. Zaman bai yiwu ba. Ƙafata sai rawa take, kunnena na wurin hira, zuciyata na cikin but. Ana kawo fura na sulale.

A kufan na sha rana a banza: murfin kwalba, guntun garma, wani murfin kwalbar. Ina dawowa a gajiye ta bayan gida, daidai kusurwar katanga, sai na'ura ta ɗauki kuka kamar an taka wutsiyar mage. Na zagaya ɗaya kusurwar, ta sake yi. Duka kusurwa huɗun haka. (Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni shebur na ɗauko.)

Ban yi nisa da tono ba na ci karo da wata 'yar tukunyar ƙasa, an toshe bakinta da laka. Na girgiza, na ji ƙarfe yana kacau-kacau. Wallahi har hawaye sai da ya zo mini. Na rungumo ta, gwiwoyina duk jar ƙasa, na nufi rumfar da manya suke.

"Baba, albishirinku! Gonar nan a kan tarihi take zaune. Wannan ta fi shekara ɗari!"

Alhaji ya dubi tukunyar, kofin furarsa ya tsaya a hanya. "A ina ka samo wannan?"

"Kusurwar gabas. Kuma akwai wasu a sauran kusurwa ukun, Baba, na ji su!"

Liman ya gyara zama. Hadiza daga ƙofar kicin tana ta yi mini alama da hannu, ni kuwa na ɗauka jinjina ce. Na fasa lakar a gaban kowa, na zazzage a tabarma: wata tsatsattsiyar wuƙa, allurai, anini mai huji guda biyu, da wani ƙulli a leda. Na shiga bayani a kan yadda mutanen da suke ajiye dukiya, ina warware ledar. Da ta buɗe, laya ce a ciki, ɗinkin fata sabo fil. A jikin ledar kuwa hoto ne, ya ɗan koɗe amma ana gane shi: ni ne da hula zanna, Hadiza a gefena. Ledar rabon kayan bikinmu ce.

Liman ya ɗaga ta, ya duba, ya dube ni. "Malam, ashe tun zamanin Turawa aka ɗaura maka aure?"

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ashe kafin gida ne, irin asirin da ake binnewa don tsari daga ɓarayi. Bara ɓarayi sun kwashe batiran solar gonar har sau biyu, daga nan kuma shiru, Alhaji yana cewa addu'a ce kawai. Na juya na dube shi. Mutumin da ke tsinke gurun jarirai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, a gaban limaminsa, da 'ya'yansa, da surukai. Kunya ta rufe ni, har da tausayinsa. Da ƙasa za ta tsage da na shige, ga shi kuwa na riga na fara haƙa ramin.

Surukata Hajiya ce ta fito daga kicin, ta tattara kayan cikin tukunya, ta ɗauki shebur ta miƙo mini.

"Tunda ka tona mana asiri," ta ce, "sai ka je ka rufa."

Na je na rufa. Makulli dai ƙanin Hadiza aka ba, wanda ko bambancin doya da rogo bai sani ba. Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, amma duk ranar da na je gaisuwa, idan ya ce "Allah ya rufa asiri," ni yake kallo har sai na ce amin.

Da ina jin ana cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, ina ɗauka karin magana ce kawai. Ni tawa wuƙar na gan ta da idona, har da tsatsa. Na'urar tana nan a bayan ƙofa, kusa da keken tsere. Yanzu duk abin da na ji yana kuka a gidan surukai, ko ƙararrawar gobara ce, sai na fara duban fuskar matata.