Yadda Ake Adana Tallafin Bincike a Rudun Albasa

Idan wata ƙungiya ta ba ka tallafin nazarin manufofin kiwon lafiya, ta ce ka tsara kasafi, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci kuɗin za su ƙare tun aikin bai fara ba. Nafi'u, ma'aikacin lafiya a Maiyama, ya bi su babu tsallake. An ce ya gano abin da ke hana matan ƙauye haihuwa a asibiti. In ya kawo rahoto a ci gaba da shi, in bai kawo ba ya maido kuɗin mutane.

Mataki na ɗaya: Kai wa kawunka shawara.
Mai tarbiyya ba ya tsara kasafi shi kaɗai. Nafi'u ya tafi Aliero wajen Kawu Atiku, dillalin albasa.

"Naira za ka aje har shekara?" in ji Kawu. "Wanga yaro, mi anka koya muku can? Kuɗi narkewa sukai, albasa ko tashi takai."

Ka sunkuyar da kai. Musu da babba rashin kunya ne, ko da kuɗin ba naka ba ne.

Mataki na biyu: Daina lissafi da naira.
Mayar da komai buhu. Kuɗin mota albasa, kuɗin takarda albasa, alawus ɗin masu zagaya gidaje albasa. Da kuɗin ko-ta-kwana sai ka je ƙauyen Jiga Makera ka kafa rudu, wato gadon kara da rufin ciyawa inda albasar za ta kwanta ta jira tsada.

Mataki na uku: Jira.
Kada ka tambayi kowace mace komai sai farashi ya tashi a kasuwar Jega. Za a matsa maka a gida. Kubura, matar Nafi'u, ta ce masa, "Baban Ihsan, matan da za ka tambaya fa sun haihu. Wasu har sun yaye."

Ya ce, "To ai yanzu za su fi samun lokacin amsawa."

Haka ilimi yake, kowace asara yana da sunan da zai ba ta.

Mataki na huɗu: Biya da abin da ke hannu.
Nafi'u ya miƙa wa masu kabu-kabu, wato baburan haya, albasa a madadin kuɗin mai. Babbansu ya juya ta a hannu, ya ce, "Likita, in yanka ta ko in zuba ta ga tanki ɗungum?" Daga ranar ko gaisuwarsa ba su ƙara amsawa ba.

Mataki na biyar: Bari damina ta same ka.
Albasa za ta ruɓe daga ƙasa. A daidai lokacin ƙungiya za ta aiko jami'a ta duba inda aiki ya kai. Kada ka yi mata ƙarya, ƙarya haramun ce. Kai ta rudu ka ɗaga ciyawa.

Jami'ar da aka aiko wa Nafi'u ta shaƙi warin sau ɗaya ta zube. Motarta ta maƙale a laka, masu babur suka kau da kai. A amalanken shanu aka ɗauke ta tun Azahar, ba a isa asibiti ba sai ana kiran Magariba, kuma an tarar mai makulli ya tafi gona.

Da ta farfaɗo ta ce yanzu ta fahimci matsalar matan fiye da duk abin da ta taɓa karantawa. Aka yaba wa Nafi'u da sabon salon bincike, aka ninka masa tallafi. Kawu har ya yi magana da masu tattasai.

Gargaɗi: Ni dai na faɗi abin da na gani, ban ce ya halatta ba. Idan taka jami'ar mai ƙarfin hanci ce, ta tsaya da ƙafafunta ta ce ina rasit, to ban san ka ba, ban san kawunka ba, kuma kada ka biyo ta ƙofar gidana da warin nan.